Kushewar Gwaggo Hawa'u a Bakin Ƙorama

Gidan Sallau, ƙasar Malbaza
Fabrairu 2024

Zuwa ga taubashina Habibou, a zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Latifa da yara. Yaya gwiwar nan taka? Jibo direba ya ce ya gan ka kana ɗingishi tsakanin buhunan albasa kamar tsohon jaki. Na ce mishi ai bawana ne, da ma haka na gaje shi. Mu nan lafiya lau, sai idona na hagu da ke yawan ruwa. Ɗana Almoustapha, kuma ɗanka, shina garkar albasa wajen Galmi, sai Juma'a yake leƙo gida.

Kada ka yi mamakin takarda. Wayar gidan nan tashi ce, in ka aiko murya sai abokanshi duka sun saurara kafin ta iso gare ni. Tunda na sha wahalar ajin manya na koyi rubutu, bari in more shi.

Maganar ƙorama ce. Rabonka da gida ya daɗe, ba za ka gane ta ba. Wadda muke tsallakewa muna yara, yanzu raƙumi na shiga ba a hango tozonshi. Daminar bara ta ci gonar liman, ta kwashe babban gawon nan, ta iso gindin maƙabarta. Aduwar da kunka rufe uwarka Gwaggo Hawa'u ƙarƙashinta, saiwoyinta na gefen gabas suna lilo a fili. Na bi ta cikin ƙoramar na ɗaga kai na gani da idona. Ban gaya maka ba lokacin, don ba ni da wata magana mai daɗi da zan haɗa da ita.

Yanzu ina da ita. Tun da mutanen yankinmu sunka zaɓe ni konseye, wato kansila, ba a yi zaman majalisar komin, ƙaramar hukumarmu, ban tada zancen ba, har wani ya sa mini suna Hajiya Ƙorama. Su rumfunan kasuwa suke so, don rumfa ana hango ta daga kan kwalta. A zaman wanga wata na ce musu, "To ku taso mu tafi ku gani. In kun ce ba komi, ni zan fara ɗaga hannu ga rumfuna." Magajin gari ya yi dariya, amma ya kwashe mu a motar meri, wato ma'aikatar magajin gari. Da munka isa dariyar ta ƙare. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce a yi fatiha. Munka koma anka ɗaga hannu, magana ta wuce, ya sa hannu.

Gabiyo za a yi, wato ragar ƙarfe a cika ta da duwatsu a jera bakin gaɓa. Meri za ta kawo raga da masu aiki, mu gari mu tara dutse. Yanzu haka amalanken jakuna na ta jigila, har tsofaffin mata na ɗauko nasu a kwano. Kafin ruwan fari, in Allah ya so, an gama.

Ka gaida Latifa. Ka ce mata daddawar da ke cikin ƙullin nan tata ce, ba taka ba.

Uwar gijiyarka,
Zalika

Zangon Kumasi
Maris 2024

Zuwa ga Zalika ɗiyar Kawu.

Wa alaikumus salam. Ranki ya daɗe, konseye, tunda yanzu sai da haka ake gaishe ki. Yaya azumi? Muna lafiya. Gwiwa tana nan, in hadari zai taso ita ke fara sanar da ni. Ki gaya wa Jibo tsohon jakin nan ne ke sauke masa kaya, ya iya bakinsa. Idon kuma ki je likita, kada ki tsaya sa masa tozali.

Da na kai wajen saiwoyin aduwa sai na ajiye takardar, ban iya ƙarasawa ba sai da na yi salla. Ni na shiga ramin na karɓe ta, Zalika. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tun daga ranar, in sha'anin garin nan ya dame ni, inuwar aduwar nan nake tunawa in ji sanyi. Duk cikinmu da Inna ta haifa ba wanda ya yi mata abin da kika yi. Allah ya saka miki.

Na karanta wa 'yan gida da ke nan labarin zaman majalisarku, suka yi ta mamaki wai mace ta jawo magajin gari har bakin ƙorama. Nan ma muna da irinki, asambiliman suke ce masa, wakilin unguwa a majalisar gari. Namu wani tela ne, shagonsa na bayan masallaci. Shekarun baya kwatar unguwarmu ta toshe, ko yayyafi aka yi sai ruwa ya shiga ɗakuna. Ya kai magana sama, aka yi ta ce masa gobe. Sai matan zango suka ɗauki kujerunsu na tsugunno suka je ƙofar ofishin shugaban majalisa suka zauna. Wata na gyaran alayyafo, wata na shayar da ɗa, Latifa ma ta je da kitson da take yi wa wata. Ba zagi, ba jifa. Mutumin ya zo shiga ya rasa inda zai taka, dole ya tsaya ya saurara. Ba a daɗe ba aka kawo motar haƙa. Ranar na gane su ma masu hukuma suna ji, in an matso kusa da su.

Bayan damina ina nan tafe in Allah ya yarda. In ga gabiyon nan, in yi wa Inna addu'a a tsaye a gabanta.

Daddawa ta iso, kuma ni na fi kowa ci.

Habibou

Gidan Sallau
Mayu 2024

Taubashina Habibou,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ko da ta wuce. Ina fatan kuna lafiya. Nan zafi ya yi yawa, yara na ta zazzaɓi, amma gidanmu da sauƙi. Ido shina nan yadda yake.

Na san ka ji a rediyo. An rushe majalisun komin na ƙasa duka. Ina sussukar gero maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Zalika, an ce kun sauka." Na ce mun sauka daga ina? Sai da na ji da kunnena na yarda. Magajin gari ya miƙa makullai ya koma shagonshi a Ƙonni. An turo kantoma ya riƙe meri. Mutumin gabas ne, Hausarshi ba ta wuce ina kwana ba.

Na jira ƙura ta lafa, na hau taksin daji na tafi. Mai gadin da ke tashi tsaye in ya gan ni, shi ne ya tambaye ni wa nake nema. Na wuni kan benci tare da masu neman takardar haihuwa. Da anka shigar da ni, kantoma ya yi mini mutunci, ya sa an ba ni ruwa. Na yi bayani tun daga farko, wani saurayi na juya mishi da Faransanci. Ni na yi magana mai tsawo, shi saurayin ya faɗi kalma kaɗan ya yi shiru, idonshi na kan wayarshi. Kantoma ya ce duk ayyukan da majalisa ta bari an dakatar, sai an sake duba su. Na ce ruwa ba ya jiran dubawa. Ya ce ya ji. Na sake komawa anka ce ya tafi Tawa taro. Na uku anka ce in ina da magana in bi ta wajen maigari, tunda yanzu ni ba kowa ba ce.

Maigari kuwa ya ce shi bai san mutumin ba tukuna, ba zai fara gaishe shi da koke ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mutane ba su daina zuwa ƙofata ba. Da safe in fito in iske su. Wannan famfon unguwarsu ya lalace, waccan malamin lakwal, makarantar boko, bai dawo ba. In ce musu an sauke mu, su ce, "Mu dai ke munka sani." Duwatsu na nan tsibi guda bakin hanya, awaki na hawa suna wasa. Jiya hadari ya haɗu gabas, kowa na murna, ni na tafi duba aduwar nan.

Kai da ka ga duniya, ka gaya mini yadda ake yi da wanda ba ya jin harshenka kuma ba kai ka ɗora shi ba.

Zalika

Zangon Kumasi
Ƙarshen Yuni 2024

Zalika,

Salamu alaikum, muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Takardarki ta kwana a hanya fiye da wata, su Jibo sun maƙale a Burkina suna jiran rakiyar soja. Sai bayan layya ta iso ni, na karanta hankalina ya tashi. Na san yanzu an yi shuka. Wannan da sauri nake rubuta ta, wani ɗan Galmi zai biyo ta Gaya ya ƙetare da kwalekwale, ya fi kamiyo, babbar motar su Jibo, sauri.

Kada ki yi sanyi. An karɓe kujera, ba a karɓe bakinki ba. Ke kaɗai kan benci ba wanda zai gan ki. In ya ƙi ganinku a buro, wato ofishinsa, ku tare shi a hanya. Ku fito ku duka, kada ya samu wajen wucewa sai ya ji ku. Ku kai shi ya ga aduwar da idonsa kamar yadda kika kai na farko. Shi ma ai yana da uwa.

Ki ba ni labari da wuri.

Habibou

Gidan Sallau
Yuli 2024

Habibou,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki akwai. Sauran kuma ka ji.

Takardarka ta iso ina Tajaye wajen ta'aziyya. Almoustapha ya karɓa, ya ga hannunka ya buɗe, don a wajenshi maganar Kawu Habibou ba ta faɗuwa ƙasa. Ya kai wa abokanshi ya karanta musu. "Ku tare shi a hanya, kada ya samu wajen wucewa." Haka ka rubuta, haka sunka ji.

Ranar kasuwa kantoma na bin hanyar jar ƙasa da ta ratsa gefen garinmu. Sunka yi sammako sunka jera duwatsu daga wanga gefe zuwa wancan. Duwatsunmu, Habibou, waɗanda tsofaffi sunka ɗauko a kwano. Sunka koma gefe sunka tsaya, wai in ya sauko su gaishe shi su kai shi maƙabarta.

Ka manta inda muke? Ka manta su wa ke jera dutse a hanya a bakin iyakar nan? Kantoma ba ya fita sai da motar soja gaba. Sojan sun hango dutse a hanya da samari tsaye a gefe, me kake so su zata? Sunka diro, sunka yi harbi sama. Gari ya watse. Kamalu ɗan maƙeri ya ruga bai duba gabanshi ba, ya faɗa ƙorama ya karye a cinya. Almoustapha bai gudu ba, ya ɗaga takardarka shina cewa, "Magana muke so! Magana kawai!" Anka kwantar da shi a ƙasa, anka tafi da shi da wasu huɗu. Kantoma ko saukowa bai yi ba, anka juya da motarshi.

Na dawo na iske gidana cike da uwayen yaran. Uwar Kamalu ta ce mini, "Ke kin samu kujera kin rasa, mu kuma 'ya'yanmu za mu rasa?" Maigari da anka kira shi ya rantse bai san komi ba, ya ce aikin su Zalika ne.

Jandarma sun kira ni. Takardarka na kan tebur. Sunka ce wane ne wanga da ke zaune ƙasar waje shina zuga mutane su tare wa hukuma hanya? Na ce ɗan gwaggona ne, mai sauke albasa, kushewar uwarshi ce ruwa zai ci. Babbansu ya rubuta sunanka. Ya ce yaran za su zauna har a gama bincike. Na ga Almoustapha ta taga, ya ce in duba mishi gonarshi.

Washegari anka turo kamiyo ya kwashe duwatsun duka, wai kada a sake.

Na san ba haka ka nufa ba. Sanin bai rage mini komi. Kana zaune inda mata ke kai kujera ƙofar hukuma a ba su hanya, ka auna mu da mudun can. Almoustapha shi kaɗai marigayi mijina Rabilu ya bar mini.

Kada ka kira, ba zan karɓa ba. Kuma kada ka zo bayan damina, sunanka na wajensu.

Zalika

Zangon Kumasi
Agusta 2024

Zuwa ga 'yar'uwata Zalika.

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarki, da ta Almoustapha in kina samun ganinsa, da ƙafar Kamalu. Mu nan ba mai ciwo, amma gidan ba daɗi.

Labari ya riga takardarki isowa, 'yan gida sun ji a waya. Na kira lambar maƙwabtanku, ina jin muryarki kina cewa a ce ba kya nan. Ban ga laifinki ba.

Wallahi, Zalika, da nake rubutun nan mata nake gani a idona. Ke da uwar Kamalu da tsofaffin gari zaune a gefen hanya, liman a gaba, ya ɗaga hannu mota ta tsaya, kamar yadda ake tare baƙo a gaishe shi. Dutse bai zo mini a rai ba. Ke na rubuta wa, na san ke za ki gane. Amma na yi gaggawa, kuma na rubuta kamar mai ba da umarni alhali ba ni zan tsaya a wurin ba.

Na je wajen telan nan, wakilin unguwarmu, na ba shi labari ko yana da shawara. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Alhaji, ka tuna shekarar da matanmu suka zauna? Zaɓe ya kusa. Ba alayyafonsu mutumin ya ji tsoro ba, ƙuri'arsu ya ji tsoro." Ya ce shi kansa ya fi shekara yana bin maganar fitilun unguwa ba wanda ya kula shi. Kwatar ma da na yi miki alfahari da ita ta sake toshewa, makon jiya da bokiti muka kwashe ruwa daga ɗaki. Wannan ban rubuta miki ba a baya, na ba ki rabin labari mai daɗi kika ɗauka duka ne, yaro kuma ya ɗauka.

Na yi tunanin in taho in miƙa kaina in ce ni na rubuta, su saki yaran. Latifa ta ce in na je sai dai su zama shida. Ki gaya mini gaskiya, in zuwana zai fitar da shi, gobe zan hau mota.

Ana cewa ruwa ya yi yawa bana a gida. Yaya ƙoramar?

Habibou

Gidan Sallau
Satumba 2024

Ɗan'uwana Habibou,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Muna raye, ba a rasa rai ko ɗaya a garin ba, alhamdu lillahi. Almoustapha ya fito, shina gida.

Ƙorama ta ci maƙabarta.

Da hantsi ne, ranar Talata. Ruwan ma ba nan ya fi sauka ba, can kan duwatsun arewa ya zuba. Munka ji ƙugi, yara sunka shigo da gudu suna cewa ta kawo. Gari duka ya fita ya tsaya daga nesa. Muna kallo gaɓa na tsagewa tana zubawa. Aduwar ta daɗe tana jurewa, ta karkata, ta sake karkata, sannan ta kwanta ruwa ya juya ta ya tafi da ita. Gefen gabas duka ya bi ta. Ba wanda ya yi kuka da ƙarfi, sai salati. Liman ya durƙusa a cikin laka.

Da ruwa ya janye maza sunka bi ƙorama har gonakin ƙasa, suna tsintowa cikin yashi da tsakanin karan dawa. Mu mata munka zauna gidan liman muna yanka farin ƙyalle muna ɗinki. Da alawayyo ya ƙare kowa ta ɗauko abin da take da shi fari. Uwar Kamalu ce kusa da ni, tun ranar nan ba ta yi mini magana ba. Ta miƙo mini zare ta ce, "Mijina ma na ciki." Munka ci gaba da ɗinki.

Ba a iya gane kowa ba, Habibou. Na tambayi waɗanda sunka je ko akwai wata alama, sunka ce in yi haƙuri. Liman ya ce a haɗa su wuri ɗaya a kan tudun yamma, wanda ya halicce su ya san kowa. Gwaggo na cikinsu ko ruwa ya wuce da ita gaba, ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Ana cikin haƙa sai ga kantoma. Ya bar sojanshi bakin hanya, ya tuɓe takalmi ya shiga laka, ya sa hannu anka ɗauki makara da shi. Bayan an rufe ya ce a kira mishi matar nan. Wannan karon malamin lakwal ne ya juya mana magana, kuma duk abin da na faɗa ya faɗa. Kantoma ya ce shi gonaki ya zata, bai san kushewu ba ne. Na ce na gaya maka da bakina a buronka. Sannan ya ce garuruwa sun fi ƙarfin ido ɗaya, kowane da ƙoramarshi da rijiyarshi da lakwal ɗin da rufinshi ya yaye, shi kaɗai ne a buro, ba wanda zai ce mishi wanga ya fi gaggawa. Na ce, "Mu ne masu gaya maka. An ce mu koma gida." Malamin ya dube ni, na ce juya mishi haka. Ya juya. Kantoma bai yi fushi ba, ya ce in Allah ya so kafin damina mai zuwa zai sa a yi gabiyon, don gefen yamma bai tafi ba. Can Baba yake, da Rabilu.

Kantoman ne ya sa baki anka saki yaran. Almoustapha ya rame, ya ce ba a buge shi ba. Ya je ya ga gonarshi, ciyawa ta fi gero tsawo, don ni kaɗai ban iya noma ta ba. Ya dawo ya shiga ɗaki. Ba ya zuwa wajen abokai, ba ya tambayar kowa komi.

Na daina fushi da kai. Ba ni da ƙarfinshi. Allah shi jiƙan Gwaggo inda duk take, shi ba ka haƙuri.

Zalika

Zangon Kumasi
Oktoba 2024

Zalika,

Wa alaikumus salam. Na samu. Muna lafiya.

Na sa an yi saukar Alƙur'ani a masallacin zango, Latifa ta soya waina aka raba. Mutane na yi mini ta'aziyya, wasu na tambaya yaushe ta rasu, alhali shekaru ke nan da rufe ta. Ina aiki, ina cin abinci. In na zo yi mata addu'a ne nake tsayawa, don da ina ganin wurin a raina, yanzu ban san inda zan duba ba. Ki kwatanta mini tudun yamman, ko akwai itace a kai.

Ki turo mini Almoustapha tare da Jibo. Akwai aiki a rumfar albasa, akwai ɗaki. Yaro irinsa in ya yi shiru haka, tafiya yake shiryawa. Gara ya zo inda idona zai kai. In ba ya son ganina, ki ce masa ba sai ya gaishe ni ba.

Habibou

Gidan Sallau
Janairu 2025

Taubashina Habibou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, idon ne ya matsa, sai da na je Galmi anka duba shi. Yanzu da sauƙi, amma rubutu sai da rana tsaka.

Tudun yamma ba itace, tsakuwa ce da sabara. In ka tsaya bayan masallaci ka fuskanci faɗuwar rana, shina hannunka na dama. An kewaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Na karanta wa Almoustapha saƙonka. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ki gaida Kawu, ba ni da komi da shi." Na ɗauka ya yarda. Bayan an gama girbi na dawo daga rijiya na iske ɗakinshi a share, wayarshi kan tabarma ya bar mini. Abokanshi sun ce ya hau motar Tawa, daga can Agadas, su uku ne. Sau ɗaya ya kira, ya ce sun kusa shiga Libiya, in yafe mishi. Na ce ka dawo a yi gabiyo da kai. Ya ce, "Inna, ni na gama magana da hukuma." Layin ya yanke. Kamalu na tafiya da sanda, da ƙafarshi lafiya da shi ma ya bi su.

Mun sake fara tara dutse. Masu jakuna sun ragu, samari sun watse, yawanci mata ne da tsofaffi. Wasu na cewa a bari sai an ga raga tukuna, an gaji da tara wa kamiyo. Na ce musu bari in je meri in ji ranar da za a fara.

Kantoman nan an ɗauke shi, an kai shi wata jiha. Ko sallama ba mu yi ba. Wani ne sabo a kujerar, yaro ne, shina jin Hausa sosai, ya ce satinshi biyu da zuwa. Na wuni kan benci, da la'asar anka shigar da ni. Na ce na zo kan maganar ƙorama da wanda ya tafi ya yi mana alkawari. Ya buɗe hannu ya ce shi ba a bar mishi wata magana ba, amma in faɗa, shina ji. Ya jawo takarda fara, ya ɗauki biro, ya ce, "Hajiya, daga wane gari?"

Na ce Gidan Sallau.

Ya ce in maimaita a hankali, zai rubuta.

Zalika